Albasar da Na Ƙulle Don Zuwaira

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko na so in manta matan unguwarmu a nan Zuru ba za su bari ba. Ita ce ranar da na ci ado na fita don in nuna wa duniya cewa ɗiyata Zuwaira ba ta tsoron jini, na dawo gida a tsakiyar mashin ana tallabe da ni.

Zuwaira ita ce ta fari a wurina. (Na san abin da za ku ce, uwa ba ta kama sunan ɗan fari gatsau haka. Da kakata na raye da ta ja mini kunne. To ni dai kara ta ƙare mini tun ranar da yarinyar nan ta ce likita take son zama.) Tun tana aji uku na sakandare take faɗi, kuma ba da baki kawai ba, yarinya ce da za ta ɗora mini tukunya ta manta da ita saboda littafi. Da ta gama makaranta sakamako ya fito da kyau, sai maganar rajistar jarrabawar shiga jami'a ta taso. A wurin rajistar nan ne ake rubuta abin da yaro yake son karantawa. Malam, wato babanta, ya sa ranar Juma'a zai kai ta shagon kwamfuta a cike komai a ɗauki hoton yatsunta.

Sai dai ya ce ba likitanci za a rubuta ba.

Kada ku ɗauka Malam mugu ne. Yana son yarinyar nan har ina kishi. Hujjarsa guda ce, layyar da ta wuce. Ranar da aka kayar da rago a tsakar gida, Zuwaira ta kwasa a guje ta shige ɗaki, ta yi ta kuka har la'asar, ko tsinken nama ba ta taɓa ba.

"Maman Zuwaira, ki duba mini," ya ce muna karyawa ranar Lahadi. "Yarinyar da ta ga jinin rago ta ruga, ita za a miƙa ma wuƙa a ce ta tsaga mutum? Ta tahi can ta some gaban gawa a koro ta, shekara ta tashi banza, zuciyarta ta karye. Ta karanta koyarwa, ta dawo kusa da mu."

Zuwaira ba ta musu da babanta. "To, Baba," kawai ta ce. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da na leƙa sai na tarar tana jera littattafanta na kimiyya a ƙasan akwati, tana ɗora zannuwa a kai, a hankali kamar mai shimfiɗa jariri. Wallahi da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi.

Nan na fito da ƙarfina.

"Malam, ai ni ta gado," na ce. "Ni jini bai taɓa ɗaga mini hankali ba. Ka manta nas na so zama da ina makaranta? Kaji nawa na gyara a gidan nan? Haihuwa biyar na yi."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya kurɓi koko.

(A nan dole in tsaya in faɗi gaskiya tsakanina da Allah. A gidanmu, kamar kowane gida, namiji ne ke yanka. Kuma duk lokacin da Malam ya ɗauki wuƙa ya fuskanci gabas, sai in tuna cewa ruwan zafin fige kaza na bukatar a duba shi. Shekara kusan ashirin ina duba ruwan nan. Kaza ba ta zuwa hannuna sai ta gama shure-shurenta, an wanke wuyan, an rufe wurin da ƙasa. Haihuwa kuwa, ido rufe na yi su duka biyar ina salati. Amma da yake na daɗe ina gaya wa mutane ni jaruma ce, har ni kaina na yarda.)

Muka yi ta ja har muka tsaya a kan Mama Saratu. Maƙwabciyarmu ce, Badakkara, matar tsohon soja, ita kanta ta yi aikin jinya a asibitin bariki har ta yi ritaya, yanzu tana taimakawa a ɗakin shan magani na unguwa. Mu kai mata naman Sallah, ta aiko mana da shinkafar Kirsimeti. Malam yana ganin girmanta ƙwarai tun ranar da ta matse masa maruru ba tare da ta ce masa sannu ba.

"In Mama Saratu ta gwada ta, ta ce za ta iya, na yarda," ya ce. "In ta ce a'a, magana ta ƙare, kada in sake ji."

Mama Saratu ta ce a kawo ta Laraba, ranar ake samun mutane.

Daga nan kaina ya ɗau zafi. Ranar Litinin na tafi kasuwa wurin mahauta na ce a ba ni zuciyar rago da huhu, a ƙulle mini a baƙar leda tun kafin in juyo. Na kawo na ajiye wa Zuwaira a faranti da reza, na ce ta fara koyo. Ni kuma na tsaya a bakin ƙofar kicin, wai ina lura da wuta.

"Mama, zo ki gani, ɗaki huɗu gare ta, kamar yadda aka zana a littafi."

"Ina hange daga nan."

"Ba ki ganin komai daga nan, Mama."

"Ke dai yi karatunki."

Da yamma muka soye karatun muka ci da yaji.

Ranar Talata na kira ƙanwata da ke aure a Dirin Daji na ba ta labari, na ƙara gishiri. A Islamiyya kuma, bayan an tashi, na roƙi mata su sa Zuwaira a addu'a, gobe za a gwada ta da jini. Da na tsaya a nan da lafiya lau. Amma sai da na ƙara da cewa, "Ni zan raka ta, don in tana ganina ba za ta karaya ba. Kun san mu ba mu da tsoron irin waɗannan abubuwa." Hajiya Larai, wadda ke zama kusa da ni a aji, ta ce dama gobe za ta kai jikanta awo, za ta ba idonta abinci. Na ce ta zo da wuri ta sami wurin zama.

Laraba da safe na yi nafila, na yi addu'a har da ƙwalla. Na ɗaura sabuwar atamfa wadda nake ajiyar biki, na feshe jiki da turare. Na dafa zoɓo na tofa masa addu'o'i na zuba a gora, saboda in Zuwaira ta farfaɗo ta sami abin jiƙa maƙoshi. Sannan na ɗauko makamina na asiri. Kakata ta koya mana cewa in mutum ya some, albasa ake yankawa a kara masa a hanci. Na zaɓi babba, ja, na ɗan tsaga ta don kada in tsaya neman wuƙa, na ƙulle a gefen mayafina. Niyyata in na ga yarinya ta fara layi, in shaƙa mata a ɓoye kafin kowa ya lura. (E, maguɗi ne. Na riga na yi istigfari tun kafin in aikata.)

Muna tafe a hanya Zuwaira ta ce, "Mama, warin mi nike ji?"

"Turare ne."

"Wanga turare da miya ya yi kama."

"Ki yi ta hailala, ki bar shaƙe-shaƙe."

Ɗakin shan maganin ɗaki ɗaya ne dogo, an raba shi da labule. Gaban labule benci ne na masu jira, bayansa gado ɗaya da tebur. Mama Saratu ta sa Zuwaira ta wanke hannu har gwiwa, ta ba ta safar hannu. Daga nan sai awon jarirai, sai mai tari, sai mai zazzaɓi. Har hantsi ya yi babu ko ɗigon jini. Hajiya Larai ta gama awon jikanta tuntuni amma ta ƙi tafiya, ga wasu mata biyu na Islamiyyarmu su ma sun zo da ciwon da ban yarda da shi ba. Allah Ya yafe mini, sai da na ji a raina ina fatan wani ya ɗan yanke. Ba sosai ba. Daidai yadda za a gani.

Ban rufe wannan tunani ba sai ga mashin ya tsaya a ƙofa. Aka shigo da wani dattijo, manomi daga Dabai, Baba Bawa, da malfarsa a ka. Yana saran kara adda ta kuɓuce ta same shi a ƙwauri. An ɗaure wurin da tsumma, tsumman ya jiƙe. Shi kuwa sai gaishe-gaishe yake yi da mutane kamar ya zo suna.

Mama Saratu ta yi masa magana da yarensu na C'lela, sannan ta juya Hausa don mu ji. "Baba, wannan yarinya tana son karatun likita. Ka yarda ta tsaya ta taimake ni?"

"Ta tsaya mana. Ƙafa ce, ba asiri ba."

Daidai nan Malam ya iso, ya bar shagonsa ya zo ganin ƙwaƙwaf. Ya tsaya a gefen labule ya harɗe hannu.

"Maman Zuwaira, ke koma benci," in ji Mama Saratu.

"Haba Mama, ni da na zo ba ta ƙarfin gwiwa?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗaga kafaɗa. Na je na tsaya a bayan Zuwaira daf, na ɗan buɗe hannuwa yadda in ta faɗo zan tare ta. Har na waiga na yi wa Hajiya Larai murmushi ta gefen labule.

Aka kwantar da Baba Bawa. Aka fara warware tsumma.

Jama'a, ashe jinin mutum ba irin na cikin faranti ba ne. Yana motsi. Kuma can cikin jan na hango wani abu fari wanda har yau ban tambayi sunansa ba. Sai na ji kamar an zuba mini ruwa a kunne, muryoyi suka koma nesa. Tebur ya fara tafiya hagu, gado ya bi shi. Na ce a raina, to, in ni na ji haka, yarinyar nan ta kusa. Na laluba gefen mayafi ina kwance ƙulli, na buɗe baki da ƙarfi yadda kowa zai ji na ce, "Zuwaira, ki dake, ga ni bayanki."

Iyakar abin da na sani ke nan.

Da na buɗe ido, silin na fara gani. Ina kwance a kan wani abu mai laushi, an ɗora ƙafafuna a kan kwali, wata iska mai daɗi tana kaɗa mini fuska. Zuwaira na riƙe da wuyan hannuna tana kallon agogon bango, tana magana da wata murya da ban san tana da ita ba.

"Baba, buɗe waccan tagar. Hajiya, don Allah ku ɗan ja baya ta sami iska."

Kuma Malam, Malam da ko ruwa ba ya ɗebo wa kansa, ya ruga ya buɗe taga.

Na juya kai don in ga daga ina iskar ke zuwa. Baba Bawa ne zaune a kan kujera, ƙafarsa a miƙe bisa bokiti, Mama Saratu na durƙushe tana ƙarasa ɗinki, shi kuma yana yi mini fifita da malfarsa.

"Sannu, Hajiya," ya ce. "Sannu. Ya jikin?"

A kan gadonsa nake. Daga baya aka ba ni labari cewa shi ya dage sai an sauke shi, wai a ba Hajiya gado, nata ya fi nasa.

Ni kuwa, da yake hankalina bai gama dawowa ba, na ɗaga kai na yi tambayar da za ta bi ni har kabari.

"Zuwaira ta some?"

Sai Mama Saratu ta ajiye almakashi ta dafa bokiti, kafaɗunta suka fara rawa. Baba Bawa ya rufe fuska da malfa. Daga nan ɗaki ya ɗauka. Sai a lokacin na lura babu labule. Ashe da zan faɗi shi na cafko, na taho da shi da sandarsa gaba ɗaya, na buɗe wa masu jira fili. Hajiya Larai na kan benci na gaba tana share hawaye da haɓar zane. Wurin zaman da na ce ta zo da wuri ta kama, ta kama.

Ɗankwalina yana can ƙarƙashin tebur. Takalmina ɗaya a ƙofa. Malam kuma yana tsaye da wani abu a tafin hannunsa, ya mirgino har gaban ƙafarsa.

"Wagga albasa ta wa ce?"

Na rufe ido na yi kamar na sake tafiya.

"Ta Mama ce," in ji Zuwaira. "Tun a hanya nike jin ta. Baba ya so ya kara miki a hanci, na ce ba a yi, ƙafa ake ɗagawa."

Wata daga cikin matan, don tausayi, ta ɗauko gorar da na zo da ita ta tsiyaya mini a kofi. Na leƙa na ga zoɓo ja wur yana rawa. Na ce a kawar da shi don girman Allah, a ba ni ruwa fari.

Sai da aka gama ɗinki aka naɗe ƙafa, Mama Saratu ta ba Malam labarin abin da idonsa ya gani amma bai fahimta ba. Lokacin da na zube, Zuwaira na danne da ciwon da auduga. Mama Saratu ta ce mata, "Uwarki ce, je ki." Yarinyar nan ta waigo ta dube ni sau ɗaya, ta ga ina numfashi, ta ce, "Jinin bai tsaya ba tukuna. Baba, tallabe kanta, ina zuwa." Ba ta ɗaga hannu ba sai da Mama Saratu ta karɓa. (Har yau ban yanke ba, alfahari zan yi ko fushi. Wata tara na ɗauke ta, ta bar ni a ƙasa saboda ƙwaurin wani.)

"Malam," in ji Mama Saratu tana cire safar hannu, "na ga sojoji ƙarti sun yar da kwanon magani sun gudu a kan abin da bai kai wannan ba. Ɗiyarka za ta iya. Matarka ce kada ka sake kawo mini."

Malam ya daɗe yana juya albasa a hannu. Sannan ya dubi Zuwaira.

"To, ranar layya mi ya sa kika gudu?"

"Baba, ragona ne," ta ce a hankali. "Tun da uwarsa ta mutu ni na ba shi madara da kwalba. Ni yake bi har bakin ƙofa in zan tahi makaranta."

Kunya ta biyu ta rufe ni, kuma ta fi ta farko nauyi. Na san wannan. A gabana aka yi renon ragon nan, ni nake dama madarar. Da ranar Lahadi na ce wa Malam ya tambayi yarinya dalilin kukanta, da magana ta ƙare a kan tabarmar karin kumallo. Amma da aka zo kare ɗiyata, sai na ɓuge da ba da labarin jarumtata.

Haka muka dawo gida, Malam na tuƙi, ni a tsakiya, Zuwaira a baya ta zagaye ni da hannuwa kamar buhun da ake tsoron ya zame. Ranar Juma'a ya kai ta shagon kwamfuta, da bakinsa ya ce wa mai shagon a rubuta likitanci. Da suka dawo na ji ta a ɗaki tana fito da littattafai daga ƙasan akwati.

Na ɗauka an gama. Ranar Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Malam ya fita, ya dawo yana cije leɓe.

"Maman Zuwaira, sa mayafi, an zo duba ki."

Baba Bawa ne, tun daga Dabai, da sanda, ƙafa a naɗe da bandeji, zakara a hammata. Wai hankalinsa bai kwanta ba tun ranar, ya ce sai ya zo ya ga yadda na kwana. Na durƙusa a zaure na gaishe shi, na ce, "Baba, ya ƙafa?"

"Ƙafa lahiya lau. Ke dai, Hajiya. Kin ba mu tsoro. Ga wanga a yi miki romo, jini ya dawo."

Maƙwabta na leƙe ta katanga, mai ɗinki a ƙwauri ya zo dubiyar wadda ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na karɓi zakara da hannu biyu, na yi godiya, na yi masa addu'a, don wallahi mutumin kirki ne.

Bayan ya tafi, Malam ya ɗauko wuƙa ya wasa a bakin turmi, ya fuskanci gabas. Sai ya tsaya, ya waigo ya dube ni ta saman tabarau.

"Za ki riƙe mini ƙafafun, ko ruwan zafin nan na shekara ashirin bai tafasa ba har yanzu?"

Ashe ya sani. Tun ina amarya ya sani, ya rufa mini asiri, har ranar da na tashi da kaina na tara jama'a na yaye labule. Zuwaira ce ta riƙe masa zakaran. Ni na je na duba ruwa.

Yanzu tana jami'a, sun shiga ajin da ake kai su ɗakin gawa. In ta kira waya tana ɗokin ba ni labari, sai ta fara da, "Mama, a zaune kike?" In ce a zaune nake, kuma da gaske sai na nemi kujera. Matan Islamiyya in za su yanka albasa a gidan biki sai su ce a kira Maman Zuwaira ta sa albarka. Ina dariya tare da su, me zan yi?

Abin da na koya dai shi ne, in yaro ya ce ga abin da yake so, a zaunar da shi a tambaye shi, a yi masa addu'a, a raka shi har ƙofa. Daga ƙofa kuma uwa ta nemi benci. Ƙaninta yanzu ya fara cewa matuƙin jirgin sama yake son zama, na ce Allah Ya sa albarka, kuma tun wuri na gaya wa kowa cewa ba ni ya gado ba.